Asabarin da Barira Ta Rataya

Barira ta ɗora babban yatsanta a kan maɓallin Alt na dama, ta taɓa K da yatsan tsakiya. Nan take wata baƙar taga ta zubo daga saman fuskar kwamfutar da 'yar ƙara shuuu, ta tsaya daidai sulusi. A cikinta ɗan farin layi yana ƙyaftawa, yana jiran umarni. Ta sake danna maɓallan biyu, tagar ta naɗe ta koma sama. Ta sauke ta, ta naɗe ta, ta sauke ta, ta naɗe ta, har shayin da ke gefenta ya huce ba ta sani ba.

"Asabari," in ji ta, ita kaɗai, tana murmushi. "Daga yau sunanka Asabari."

Wanda bai san aikin Ma'aikatar Ruwa ta Tungar Haske ba zai ce yarinyar nan ta rasa abin yi ne. To a birnin nan komai da baki ake yin sa. Ka ce wa ƙofa ta buɗe, ta buɗe. Ka ce wa mota ta kai ka kasuwa, ta kai ka har gaban mai tumatir. Ruwa ne kaɗai ba a ba shi umarni da baki, tun ranar da wani ma'aikaci ya ce wa na'ura ta tura ruwa cikin gari, ita kuma ta ji garin tuwo, ta cika wa masu injin niƙa shaguna da kunu. Daga ranar aka kafa doka: duk umarnin ruwa sai an rubuta shi da hannu a tagar umarni, wadda masu aikin ke kira taminal, kuma kowane maɓalli yana karanta zanen yatsan da ya danna shi. Umarnin yana wucewa ne kai tsaye zuwa Gidan Ƙwaƙwalwa, dogon benen da ke tsakiyar birni, inda manyan kwamfutocin da ke tafiyar da garin suke.

Kafin Asabari, in Barira na son tagar nan sai ta kawar da wannan, ta ture wancan, ta lalubo ta a ƙarƙashin tarin shafuka. Abin bai fi ka kurɓi ruwa ka ajiye kofi ba, amma Barira irin mutanen nan ne da jiran lif kan sa su hawa bene da ƙafa, su isa a makare suna haki. Don haka ta buɗe fayil ɗin saiti ta zauna masa. Ta yanka wa tagar tsayi, ta rage mata duhu yadda za a riƙa hango abin da ke bayanta, ta daidaita saurin saukarta. Sannan ta kunna abin da ya fi burge ta: in an naɗe tagar ba ta mutuwa. Duk abin da ka bari a ciki yana nan yana jiranka, ko da rabin umarni ne.

Wajen zaɓen maɓalli ne ta sha wuya. Wanda ta fara gwadawa na ƙararrawar gobara ne, saura kaɗan ta kwashe ma'aikata zuwa waje. Na biyu yana kiran mai shara. Daga ƙarshe ta ce K, tunda kira ake yi, ta haɗa shi da Alt na dama, wanda a iya zamanta a ofis ba ta taɓa ganin wani ya kai yatsa wurin ba. Na'urar ta fito da 'yar tambaya: "Wannan haɗin yana da tsohon aiki. A danne shi?" Ba ta faɗi ko wane aiki ba ne. Barira ta leƙa ta tambayi na kusa da ita, suka ɗaga kafaɗa. Ta danna i, kamar yadda kowa ke yi wa irin waɗannan tambayoyin.

Ta tagar ofishin, ta gaske mai gilashi, ana hango Tafkin Mai-Bado kwance tsakanin benaye, shi kaɗai ne abin da ya girmi birnin. Gidan Ƙwaƙwalwa ya yi girma har zafinsa ya fi ƙarfin injinan sanyaya shi, don haka Ma'aikata ke son ruwan tafkin. An riga an girke injinan huda a ƙarƙashinsa. In suka fasa yumɓun da ke riƙe da ruwan, zai zurara cikin bututai zuwa gindin benen, kuma yumɓun da aka fasa ba ya ɗinkuwa. Abu ɗaya ya tsaya wa Ma'aikata a wuya. Lokacin da ake gina birnin, masunta da masu lambu sun yi tsayin daka sai da aka rubuta a doka cewa ba a taɓa tafkin sai da amsar Sarkin Ruwa, da yatsansa, kuma abin da ya faɗa ba mai soke shi. Sarkin Ruwan nan kuwa shi ne Kawu Nomau, yayan mahaifiyar Barira, wanda ya riƙe ta tun tana rarrafe. An sa ranar Alhamis zai zo ya ba da amsa a gaban jama'a.

Barira ba ta damu ba. Ta san kawunta, ta san amsar.

Injiniya Mudi, shugaban sashensu, ya zo wucewa ta bayanta ya ga abu ya faɗo ya koma. Ya dawo da baya.

"Ke, mene ne wannan?"

"Asabari ne, ranka ya daɗe. Hanyar yanke ce zuwa tagar umarni."

"Sake in gani."

Ta sake. Ya ce ta ƙara. Injiniya Mudi ba mugu ba ne, mutum ne dai da in ya ga abu na gudu sai ya bi shi kafin ya tambayi inda za shi. Kafin azahar ya ba da umarnin a rataya Asabari a kowace kwamfuta ta Ma'aikata, har da ta babban zaure. Barira ta koma gida ranar kanta ya kumbura, ba ƙarya.

Washegari da hantsi aka kira ta daga ƙuryar ofis.

"'Yar nan, zo ki ga abin da kika ja mini."

Baba Tanimu ne, tsohon magatakarda, wanda ya kusa ritaya tun Barira na makarantar firamare amma har yanzu bai yi ba. Madannansa sun goge har ba a ganin harafi ko ɗaya a kansu. Yana zaune ya ja kujera baya, hannuwansa biyu a sama.

"Me ya faru, Baba?"

"Baƙin labulen nan naki. Ina cikin rubutu sai ya faɗo mini a ka."

"Wane maɓalli ka danna?"

"Ban danna komai ba. Rubutu nake yi."

"To ai rubutu danna maɓalli ne, Baba."

"Ke za ki koya mini? Na ce miki ban kira shi ba, shi ya zo."

Ta duba cikin tagar. Harafi ɗaya ne a ciki, a, yana zaune shi kaɗai. Ta goge shi, ta naɗe tagar, ta ce ya yi rubutu ta gani. Baba Tanimu ya gyara zama ya rubuta "Assalamu alaikum, ina kwana." Ba abin da ya faru. Ya rubuta "Barka da aiki." Shiru. Ta ce ya danna K. Ya danna har layi ya cika. Asabari bai ko motsa ba. Ta koma teburinta, ba ta gama zama ba ya sake ƙwala mata kira.

Wannan karon o ne a ciki.

Haka aka yi ta yi. A ofis mai ɗauke da ma'aikata cike da bene, mutum ɗaya kaɗai Asabari ke faɗo wa, kuma ba ya faɗowa in Barira na tsaye a wurin. Da ya ji shuuu sai Baba Tanimu ya cire hannu kamar ya taɓa tukunyar da ke kan wuta, don haka ba ta taɓa samun abin da ya wuce gutsure ba: a, o, ar, wani lokaci wa. Ta canza masa madannai, ya ce sabbin ba su san hannunsa ba, ya dawo da tsofaffin. Ta matsar da teburinsa daga jikin bango. Wani ya ce gumi ne. Wata ta ce zoben azurfarsa ne ke jan lantarki. Ya cire zoben, aka samu lafiya wuni guda, Barira har ta fara ba da labari, ashe alƙaluman mita yake shigarwa ranar. Da ya koma rubuta wasiƙu sai abin ya dawo, ya mayar da zobensa yana harararta.

Ta rasa yadda za ta yi, ta tambayi Gidan Ƙwaƙwalwa da kansa.

"Me ke sauke tagar umarni a kwamfutar magatakarda?"

"Ana kiran ta."

"Wa ke kiran ta?"

"Mai kujerar."

"Da me?"

"Da abin da kika ce a kira ta da shi."

Ta koma wurin tsohon. "Baba, don Allah ka tuna. Kana danna Alt da K tare?"

"Wanne ne Alt?"

Ta nuna masa. Ya sunkuya ya dubi maɓallin kamar baƙon da bai taɓa gani ba, ga shi kuwa ya fi sauran gogewa.

"Ni me zai kai ni wannan lungun?" in ji shi. Kuma da gaske yake, don tsohon mai buga rubutu bai san inda yatsunsa ke zuwa ba, su suka sani.

Ya rantse, na'ura ta rantse, Barira ta tsaya a tsakiya kanta na juyawa. Ta fara zargin cewa tsufa ne ke taɓa Baba Tanimu, sai kuma ta ji kunyar zargin. Ta ce a ranta, bari dai a wuce Alhamis, sai in zauna wa abin nan da kyau.

Ranar Laraba da la'asar ta sauka daga jirgin ƙasa a tashar bakin tafki. Nan ne kaɗai a Tungar Haske za ka taka ƙasa takalminka ya ɗebo laka. Mata na wanke latas a bakin lambuna, balbelu na bin bayan masu ban ruwa. Ta tarar da Kawu Nomau a gindin giginya yana ɗinke birgi, ragar da ake wurgawa. Ba ya faɗin sunanta, don sunan mahaifiyarsa ta ci.

"Uwata, an aiko ki ki lallashe ni ne?"

"Ni na isa, Kawu? Gaishe ka na zo yi."

"Shugaban naku ya zo shekaranjiya. Ya ce za a gina mana tafki na gilashi a saman bene, da kifi masu launi. Na ce masa tarwaɗa ba ta hawa lif." Ya yi dariya har ya yi tari. Sannan ya daina. "Ubana ya damƙa wa yayana ruwan nan, yayana ya damƙa mini. Mutanen nan da kike gani, ba su da takarda, ba su da kowa a sama. Ni suke da shi. In na bari aka taɓa shi, da wane ido zan dube su?"

"Ka shirya abin da za ka rubuta?"

"Kalma biyu ce. Ba sai an shirya ba."

"In kana so in kunna maka mai-gyara, ya taimake ka."

Nan ta taɓo shi. Kawu Nomau kafin sarauta ta faɗo masa, ya yi ƙuruciyarsa ne a maɗaba'a yana buga littattafan Hausa na 'yan makaranta, kuma har gobe yana ganin duniya ta lalace ne ranar da aka ƙirƙiro mai-gyara. Shi mai-gyara wani ɗan tsari ne da ke cikin kowace na'ura. Ka rubuta kasa, ya duba maganar, in ƙasa kake nufi ya sa wa harafin ƙugiya da kansa. Ka rubuta daki, ya mayar da shi ɗaki. Tsarar su Barira sun tashi sun tarar da shi, don haka a cikinsu ba wanda ya taɓa sa ƙugiya da hannunsa, ba ma su san ana yi ba.

"Ni za a ja wa sanda?" in ji Kawu. "Ku dai da ba ku san bambancin baki da baƙi ba sai inji ya gaya muku. Ni da yatsuna zan rubuta abina, kowane harafi da hularsa."

Ta ba shi haƙuri tana dariya. Ya sa aka naɗe mata gasasshiyar karfasa a takarda, ta ci a jirgi, ta isa gida hankalinta kwance.

Ranar Alhamis babban zaure ya cika tun da safe. Bangonsa na gabas gilashi ne, tafkin na kwance a ƙasa yana ƙyalli. Masunta da masu lambu sun zo da kayan Juma'arsu sun zauna a baya, manyan Ma'aikata a gaba. An ajiye tebur ɗaya da kwamfuta, kuma duk abin da aka rubuta a kanta yana fitowa ɓaro-ɓaro a jikin bango.

Kafin a buɗe ƙofa Injiniya Mudi ya ja Barira gefe.

"Ki shirya umarnin hudawa, ki kai shi har tambayar ƙarshe. In ya amince, kada a tsaya ana lalube a gaban baƙi."

"Ranka ya daɗe, ai ba zai amince ba."

"In ya ƙi, sai ki goge. Me aka rasa?"

Ta duba, ba ta ga abin da aka rasa ba. Ta sauke Asabari ta rubuta umarnin. Na'urar ta amsa: "A huda ƙasan Tafkin Mai-Bado? Amsar Sarkin Ruwa kaɗai ake karɓa. i ko a'a." Ta naɗe tagar da tambayar a ciki, ta buɗe farin shafin da Kawu zai rubuta jawabinsa. Tsarin shi ne ya fara faɗa wa jama'a matsayinsa a rubuce, in ya yarda sannan a sauke masa tagar ya amsa.

Injiniya ya yi jawabi mai tsawo a kan birnin gobe. Ya ce in Gidan Ƙwaƙwalwa ya samu sanyi, abin da yake yi cikin ƙiftawar ido zai koma yin sa cikin rabin ƙiftawa. Na gaba suka tafa. Na baya suka dubi juna, don ba su san me za a yi da sauran rabin ba.

Aka kira Sarkin Ruwa. Kawu Nomau ya taso da babbar riga mai ruwan toka, ya zauna, ya naɗe hannayen rigar zuwa kafaɗa. Barira na tsaye a bayansa. Ya ɗora yatsunsa goma a kan madannai yadda aka koya musu a da. Bai dubi fuskar kwamfutar ba, bai dubi bango ba. Sai ya zuba wa Injiniya Mudi ido, ya buga kalmominsa biyu da sauri da ƙarfi, ya doki babban maɓallin shigarwa, ya miƙe tsaye.

Shuuu.

A jikin bango, farin shafin na ɗauke da kalma ɗaya: Na. A samansa baƙar taga ta rufe sulusi, kuma a ƙarƙashin tambayar akwai harafi ɗaya: i. Sai wani layi ya fito.

"An karɓa. Yatsan Sarkin Ruwa ne. An fara."

Wani a gaba ya fara tafi, ya ga shi kaɗai ne, ya daina. Injiniya Mudi ya taso da hannu a miƙe zai yi wa Kawu godiya, ya tsaya a rabin hanya, don fuskar tsohon ba ta wanda ya yi kyauta ba ce.

"Mene ne aka fara?" in ji Kawu. Ya juya ya dubi bango. "Ina sauran maganata? Uwata, ina sauran maganata?"

"Sarki, i ka ce?" wani masunci ya yi tambaya daga baya.

"Na ƙi na ce!"

"To ga shi can an rubuta i!"

Barira ba ta jin su. Ita ta ga abin da ba wanda ya gani, domin idonta na kan hannunsa. Bayan ya buga N da a, babban yatsansa na dama ya lanƙwasa ya danne Alt, na tsakiya ya taɓa K. Haka ake sa wa k ƙugiya da hannu. Tsohon aikin da na'ura ta tambaye ta ko a danne ke nan. Harafin ƙ bai fito ba, Asabari ne ya fito a madadinsa, kuma abin da ya rage na kalmar ƙi ya faɗa ciki, inda tambaya ke zaune tana jira. Gutsattsarin Baba Tanimu suka dawo mata gaba ɗaya: o na ƙofa, ar na ƙarfe.

Ƙasa ta yi wani gurnani, gilashin bangon ya girgiza.

Ta ture kujerar ta faɗa kan madannai. Ta rubuta a dakata. Na'urar ta ce ba yatsan Sarkin Ruwa ba ne. Ta kamo hannun Kawu, wanda bai san me ake yi da shi ba, ta dangwala yatsansa ta rubuta a'a.

"Sarkin Ruwa ya riga ya amsa. Abin da ya faɗa ba mai soke shi."

"Ai shi ne da kansa ke sokewa!" Injiniya Mudi ya daka wa kwamfutar tsawa. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. "Wallahi ba ta haka na so shi ba. Ni ne shugaban sashe, na ce a tsaya!"

"Dokar ba ta ware kowa ba."

Gaskiya na'urar ta faɗa. Iyayen mutanen da ke bayan zauren su suka nace a rubuta ta haka, don kada wata rana a matsa wa wani Sarkin Ruwa ya janye ƙin da ya yi. Ba wanda ya taɓa kawo wa ransa cewa wata rana amsar i ce dokar za ta tsare.

Gurnani na biyu ya fi na farko. Jama'a suka yi waje a guje, manya da ƙanana, aka bar takalma a zaure.

Kafin su isa bakin tafkin, tsakiyarsa ya lotsa, ruwan na juyawa a hankali yana jan ganyen bado zuwa ciki. Gaɓa ta riga ta ja baya, ta bar baƙar laka mai wari. Kwale-kwale sun kwanta a gefensu. Tsuntsaye sun tashi suna kewaya sama, sun rasa inda za su sauka. Mata na salati, wasu na kuka. Wasu maza suka tsaya nesa da Kawu Nomau suna magana ƙasa-ƙasa, kuma ba sai an gaya maka abin da suke cewa ba. Wani ma ya ɗaga murya ya ce tafkin gilashin nan da aka yi wa Sarki alkawari dai ya yi aiki.

Kawu ya ji. Yana tsaye yana juya hannunsa na dama, yana duban yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Uwata," in ji shi a hankali, "ko dai na rubuta ɗin ne? Ina ji a raina na ƙi na buga. Amma ga shi kowa ya gani. An ce in tsufa ya zo, hannu kan yi abin da zuciya ba ta aike shi ba."

Wannan ya yi mata ciwo fiye da tafkin. Ta durƙusa a cikin lakar da kayan ofis ɗinta, ta ɗaga murya yadda na nesa za su ji.

"Daidai ka rubuta, Kawu. Ba ka yi kuskure ko ɗaya ba. Da ka rubuta shi ba ƙugiya, yadda muke yi, da ba abin da ya faru. Ni ce na ɗauke maɓallin ƙ na ba shi wani aiki. Ban san nasa ba ne."

Ta yi bayanin Asabari, da Alt, da tambayar da ke jira. Mutane suka matso suna saurare, kuma a fuskokinsu za ka ga ba su gane ba. Wata tsohuwa ta tambayi ta kusa da ita ko wane asabari ne ya faɗa ruwa. Kawu kaɗai ya gane, shi da ya san madannai. Ya daɗe yana dubanta.

"Kika ɗauke harafi sukutum daga cikin harshe," in ji shi, "ba ki ji ya yi nauyi ba?"

Ya matso kusa da ita.

"To shi labulen, me yake yi miki?"

"Sauri, Kawu. Yana sa in isa tagar da sauri."

"Saurin zuwa ina?"

Ta juya ta dubi tafkin. A bayanta Injiniya Mudi na tsaye da waya a hannu, saƙo ya shigo masa cewa zafin Gidan Ƙwaƙwalwa ya fara sauka. Ya karanta, ya mayar da wayar aljihu, bai gaya wa kowa ba.

A cikin 'yan kududdufan da ruwan ya bari, kifaye sun fara tsalle suna buɗe baki. Kawu Nomau ya tuɓe babbar rigarsa ya rataya a reshe, ya naɗe wando zuwa gwiwa. Ya ɗauki wani bokitin ban ruwa da aka yar, ya shiga lakar tana kama masa ƙafa. Bai taɓa manyan ba. 'Yan ƙanana yake tsinta, waɗanda ba su kai yatsa ba, yana sa su a bokitin da ɗan ruwan da ya kamfato. Barira ta cire takalma ta bi shi. Ya miƙa mata bokitin ba tare da ya dube ta ba.

"Ina za mu kai su, Kawu?"

"Ban sani ba," in ji shi, ya sake sunkuyawa. "Riƙe dai, kada ki zubar."